Likitan Bola da Numfashin Inna

Yayana ba likita ba ne, ko ƙofar makarantar likitanci bai taɓa leƙawa ba. Amma idan ka shiga unguwarmu ka ce Likita kake nema, wurinsa za a fara nuna maka kafin a nuna maka asibiti. Cikakken sunan shi ne Likitan Bola. Waɗanda suka laƙaba masa sun yi ne don ya ji haushi, shi kuwa mutum ne da samun haushinsa ke da wuya, sai ya riƙa amsawa har sunan ya bi shi. Dogo ne siriri, kafaɗarsa ta ɗan ranƙwafa saboda yawan sunkuyo a kan teburi, aljihun rigarsa kullum a yage saboda sukudireba. Idan kana yi masa magana zai zuba maka ido kamar yana saurare, alhali rabin hankalinsa yana kan fankar da ke ƙara a bayanka. Sana'arsa gyaran waya da kwamfuta, a wani ɗan lungu ƙarƙashin matakalar wani benen shaguna. Ni ce autar gidanmu, kuma ni kaɗai ce nake faɗa masa gaskiya ba tare da na yi mata kwalliya ba, don haka ina ganin ni ya dace in ba da labarinsa.

Gidan da muka tashi yana ƙarshen layi. Mahaifinmu ne ya gina shi ɗaki bayan ɗaki kafin Allah ya yi masa rasuwa. Muna yara, bayan katangar fili ne mai ciyawa. Daga baya aka fara zuba shara, sharar ta zama bola, bolar ta zama kasuwa. Motoci suka riƙa sauke tsofaffin kayan lantarki, su talabijin da kwamfutoci da firintoci da igiyoyin waya himili guda. 'Yan jari-bola su fasa da guduma su kwashe ƙarfen, abin da ya rage na roba da waya su tara su cinna masa wuta don tagullar ciki ta fito. Hayaƙin ba irin na itace ba ne. Baƙi ne mai nauyi da maiƙo, idan ya shiga maƙogwaronka wuni za ka yi kana jin ɗacinsa. Farin wanki idan aka shanya shi da safe, kafin la'asar ya koma ruwan toka.

Ni na yi aure na bar unguwar, na buɗe shagon buga takardu kusa da wata makaranta. Yaya da iyalinsa suka zauna a ɗakunan gaba, mahaifiyarmu Inna tana nata ɗakin a can ƙurya. Ƙirjinta ne ya nuna mana cewa abin ya wuce ɓacin wanki. Tari ya kama ta, muka ce mura ce, aka sha magani bai tafi ba. Sai numfashinta ya fara fita da ƙara, magana ɗaya sai ta yanka ta biyu ko uku tana hutawa a tsakani. Muka kai ta wurin likitan gaskiya, wato na asibiti. Ya sa ta hura wani bututu, ya rubuta mata abin shaƙa, sannan ya ajiye biro ya dube mu.

"Magani zai taimaka," in ji shi, "amma muddin tana shaƙar hayaƙin nan, kwanciyar asibiti ba za ta ƙare ba. Ko ku raba ta da hayaƙin, ko ku raba ta da gidan."

Tun a mota na yanke hukunci. "Inna, wurina za ki dawo. Ɗaki yana nan, iska tana shiga ta ko'ina."

"Ba inda za ni," ta ce, ta tsaya ta ja numfashi. "A gidan nan... na haife ku. Maƙwabtana... suna nan."

"Maƙwabtan ne za su yi miki numfashin?"

"Auta, bi ta a hankali," in ji Yaya. "Abu biyu likita ya faɗa. Ke kin ɗauki na biyu, ni bari in gwada na farko."

Harara kawai na bi shi da ita. Mutanen unguwa sun sha kai ƙara ofishin tsaftar muhalli. A zo da mota a kashe wutar, a ɗauki hoto, a tafi, washegari ta sake tashi. Abin da ya gagari masu hula da takalmi sau-ciki, wai shi ne mai gyaran waya zai gwada.

Ana cikin haka firintar shagona ta tsaya cak. Ba ta faɗi ba, ba ta yi ƙauri ba, ana tsakiyar buga wa wani ɗalibi aikinsa ta fara ƙifta jar fitila, ta rubuto wai a kai ta wurin masu gyara. Na kai ta ofishin kamfanin da ya ƙera ta. Wata budurwa mai murmushi ta ce mini wa'adinta ne ya cika, gyaranta bai da amfani, ga sababbi nan a jere in zaɓa. Na sayi sabuwa ina mita, tsohuwar kuma na kai wa Yaya na ce ko ya ciri abin cira ko ya wurga ta bayan katanga.

Bai wurga ta ba. Ya buɗe ta ya duba, ya ga komai lafiyarsa ƙalau. Abin ya tsaya masa a rai, shi kuwa idan abu ya tsaya masa a rai ko abinci sai matarsa ta yi da gaske yake ci. Ya zagaya bolar, wurin da bai taɓa taka ƙafarsa ba duk kusancinsa da shi, ya roƙi 'yan jari-bola su sayar masa da firintoci irin tawa kafin guduma ta hau kansu. Ya kwaso su ya jera a tsakar gida, ya saka musu wuta ɗaya bayan ɗaya. Kusan dukansu jar fitilar nan suke ƙiftawa, rubutu iri ɗaya.

"Auta, kin san me ke cikinsu?" ya tambaye ni ranar da na je duba Inna na tarar babu wurin taka ƙafa. "Akwai wani ɗan abu da ke ƙirge. Duk shafin da aka buga, duk wankin kai da ta yi, yana ƙirgawa. Idan ya kai inda aka ce ya tsaya, sai ya kulle ta. Ba lalacewa suka yi ba, umarni aka ba su. Lafiyayyun injuna ake ƙonawa a bayan ɗakin Inna."

"To sai ka je ka ce musu su daina bin umarni."

"Abin da zan yi ke nan," ya ce, ko murmushi bai yi ba.

Ni ban san kutse ba sai a labarai, inda ake cewa 'yan kutse sun kwashe wa banki kuɗi. Na ɗauka aiki ne na masu rufe fuska. Na Yaya ba abin kallo a cikinsa. Da ya dawo daga shago da yamma sai ya zauna a bakin ƙofar ɗakinsa da tsohuwar kwamfutarsa a cinya, ya haɗa ta da firinta, ya riƙa sauraren abin da suke faɗa wa juna ta cikin waya. Haka ya kira shi, saurare. A allon ba abin da kake gani sai lambobi da haruffa suna gudu. Ya tura mata wata tambaya, ta amsa, ya rubuta, ya canza harafi ɗaya ya sake turawa. Ya sauko da manhajar da kamfanin ke rabawa ya riƙa warware ta zare-zare yana neman inda aka ɓoye kalmar da ke mayar da ƙirgen baya. A intanet ya haɗu da irinsa, mutanen da bai san fuskarsu ba kuma ba su jin yaren juna sai da taimakon na'ura. Akwai wata mata da ya ce a ƙasarsu ƙanƙara ce ke rufe ƙofa, ita ta gano rabin kalmar, shi ya gano sauran. Matarsa ta ce mini har kishi ta fara yi da matar, sai da ta ji ashe jikoki gare ta.

An ɗauki watanni. Firintoci da dama sun mutu a hannunsa mutuwar gaske, ya tura musu abin da bai kamata ba suka ƙi sake farkawa. Sai wata Asabar ya shigo shagona da tsohuwar firintata a kafaɗa, ya ajiye ta a kan teburi kusa da sabuwar, ya haɗa, ya ce in buga abin da na ga dama. Na buga. Takarda ta fito tas, baƙin baƙi, jan ja. Ba zan ɓoye ba, daɗi ya kama ni, amma sai na ce masa ya aske gemunsa ya yi tsawo.

Na tambaye shi ko me ya sa kamfanin ya saka ƙirgen tun farko, don dai ba a rasa hujja. Ya ce hujjarsu wani soso ne a ƙasan injin, inda ragowar tawada ke zuba idan tana wanke kanta. Wai suna tsoron kada ya cika. "Na buɗe duk waɗanda na kwaso," in ji shi. "Soson a bushe yake ƙamas, ko yatsa ba ya ɓatawa. Zance ne kawai."

Kafin ka ce me, labari ya bazu. Masu shago irin nawa, makarantu, ƙananan ofisoshi, kowa ya riƙa ɗauko tasa daga ƙarƙashin gado ko bayan kabad. Lungun ƙarƙashin matakala ya cika har maƙwabtansa na shago suka fara ƙorafi. Ya haɗa abin a wata 'yar manhaja, ya saka a intanet kyauta, duk mai so ya ɗauka. Na yi masa faɗa a kan kyautar nan har na gaji. Ya ce shi ba ciniki ya fito ba, so yake motocin da ke juye kaya a bayan gida su ragu. Kuma sun ɗan ragu, ban isa in ce ba su ragu ba.

A lokacin ne shugaban 'yan jari-bola ya zo har ƙofar gida. Dattijo ne kakkaura da ake ce wa Mai Guduma, tafin hannunsa duk tabon ƙuna, shi ma yana tari irin na Inna. Ina gidan ranar, na ji su ta taga.

"Likita, mun sayar maka da kaya don mutunci, ashe abincinmu za ka tare."

"Baba, hayaƙin nan kashe mutane yake. Mahaifiyata tana ciki ba ta iya numfashi."

"Allah ya ba ta lafiya. Mu da muke tsaye a kansa, kana ganin turare muke shaƙa? Kawo mana abin yi mu bar wuta yau ɗin nan. In ba ka da shi, to ka bar mu."

Yaya ya yi ta kame-kame a kan kamfani da zalunci, dattijon ya saurare shi har ya gama, ya yi sallama ya tafi.

Abin da ya biyo baya a shagona ya fara. Wata safiya na buɗe ƙofa na ga baƙin ruwa ya gangaro daga ƙarƙashin tsohuwar firintar, ya bi ƙafar teburi, ya shiga kwalin takardun da na ajiye a ƙasa. Aikin mutane ne a ciki, an buga an ɗinke ana jiran masu shi. Ban gama salati ba tela na kusa da ni ya shigo riƙe da farin yadin wani, an yi masa zanen da ba wanda ya nema, don shi ma a kan kantar yadi yake ajiye 'yar firintarsa ta rasiti. Cikin 'yan makonni kira ya yi ta shigowa wayar Yaya. Wata shugabar makaranta ta zo da kanta da sakamakon jarrabawar yara yana ɗiga, ta yi masa wankin babban bargo a gaban jama'a, ya tsaya tsuru-tsuru yana ba da haƙuri.

Ashe soson yana cika da gaske. Duk waɗanda ya duba sosonsu daga bola ya kwaso su, inda suka daɗe a yashe rana tana dukansu har tawadar ta bushe. Na cikin shaguna da ofisoshi kuwa a jiƙe suke sharkaf, da ya buɗe musu hanya suka ci gaba da aiki sai suka yi ambaliya. Kamfanin ya yi rashin kirki da ya ce a jefar da inji guda saboda soso, amma bai yi ƙarya a kan soson ba. Na faɗa wa Yaya haka, da wasu maganganun da ba sai na maimaita a nan ba.

Mutane ba su da haƙuri da mai kyauta idan ya yi kuskure. Waɗanda jiya suke sa masa albarka su ne suka kwashi firintocin suka zubar, har da waɗanda ba su yi yoyo ba, don tsoro. Motoci suka dawo bayan gida fiye da da, wuta ta yi ta ci safe da yamma. A makon ne numfashin Inna ya sarƙe, abin shaƙa ya kasa, muka kwashe ta sai asibiti. Na ga leɓɓanta sun canza launi a mota, kuma ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Da aka sallame ta ban nemi shawarar kowa ba, na ce wa direba ya wuce gidana. Yaya yana zaune a gaba, idonsa a kan hanya.

Ƙirjinta ya samu sauƙi a wurina, wannan gaskiya ne, kuma har gobe ina nan a kan cewa daidai na yi. Sai dai Inna ta zama baƙuwa. Gidana a hawa na sama yake, ba ta iya sauka, ba mai shigowa ya ce mata ina kwana sai mu. Ta wuni a kujera tana kallon rufin gidajen mutanen da ba ta sani ba. Ba ta ƙorafi, kuma rashin ƙorafin ne ya fi damuna. Abinci kaɗan take taɓawa. Wata rana ina gyara mata gado ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Auta, idan abin ya zo... a gidana nake so... ya same ni." Na ce ta daina irin wannan magana, na shiga banɗaki na yi kukana.

Na kira Yaya na faɗa masa. Abin da ya ce kawai shi ne, "Na ji." Na zaci zai tattara firintocin ya koma gyaran wayarsa. Ashe washegari ya rufe shago, ya ɗauki firinta ɗaya ya zagaya bola wurin Mai Guduma. Shi ya ba ni labarin daga baya.

"Baba, na zo da abin yi, amma ni kaɗai ba zan iya ba," ya ce masa. "Buɗe kulle minti kaɗan ne a wurina. Amma kowace sai an kwance ta, an cire soson, an wanke ko an sa sabo, an ja tiyo zuwa kwalba a waje yadda mai ita zai riƙa gani idan ta kusa cika. Hannu biyu gare ni. Ku kuna da hannuwa, kuma kaya a wurinku suke sauka."

"Yanzu ka tuna da mu, da tawada ta wanke ka?"

"Yanzu na tuna, Baba."

Dattijon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce shi bai yarda da abin da ba a auna shi a sikeli ba, amma zai ba shi mutum uku da rumfa ɗaya, a gani. Matsalar farko ita ce mutanen sun saba da guduma. Yaya ya ce sai da ya ɓoye gudumomin a cikin wani mataccen firji kafin suka yarda suka riƙe sukudireba, kuma duk da haka akwai wanda idan noti ya yi masa gardama sai ka ga yana waige-waige yana neman dutse. A hankali hannunsu ya faɗa. Wanda ya shekara yana fasa inji ya san cikinsa, abin da ya rage kawai ya koyi mayar da shi yadda yake. Firintar farko da suka gama, shagona ya kawo ta, da kwalbarta a rataye a gefe kamar mara lafiyar da aka sa wa ƙarin ruwa. Na ce ba za ta hau teburina ba sai da faranti a ƙarƙashinta. Ta yi wata da watanni farantin a bushe, sannan na fara faɗa wa abokan sana'a. Ya bi waɗanda ya ɓata wa kaya ɗaya bayan ɗaya ya gyara musu, ya kuma gyara manhajar yadda ba za ta buɗe komai ba sai ta nuna maka hoton soson ta tambaye ka ko ka canza. Shugabar makarantar nan ce ta fi kowa wuyar shawo kai, daga baya kuma ita ta fi kowa turo masa mutane.

Da 'yan jari-bola suka ga inji mai rai ya fi ƙonanne daraja, ba sai an yi musu wa'azi ba. Da mota ta tsaya sai su fara ware masu jar fitila gefe, a rufe su da leda kada ruwa ya taɓa. Daga firinta aka koma kan batirin kwamfuta da ke cewa ya mutu alhali da sauransa, da wayoyin da aka daina aiko wa sabuntawa. Saura igiyoyin waya, waɗanda su ne suka fi komai hayaƙi. Nan ma matattun firintocin da ya kashe da hannunsa ne suka yi rana. Ya ciro robobin da ke jan takarda, ya haɗa su da reza da mariƙin juyawa. Ka cusa waya ta nan, ka juya, ta fito ta can a tsage, tagulla gefe roba gefe. Tagullar tana fitowa ja tana sheƙi, masu saye suka fi son ta a kan ƙonanniya. Mai Guduma da kansa ya karɓe injin farko ya hana kowa taɓawa.

Kamfanin bai zauna ba. Ya aiko da sabuntawa ta intanet ya toshe ƙofar da su Yaya suka buɗe, suka shafe makonni shi da kakar nan ta ƙasar ƙanƙara kafin suka samo wata. Har yanzu haka suke, a toshe su buɗe. An taɓa turo masa wani lauya mai jaka ya yi masa barazanar kotu. Yaya ya ba shi kujera, ya ce shi bai shiga kwamfutar kowa ba, injin da mai shi ya saya da kuɗinsa ya kawo masa da hannunsa ne yake buɗewa. Ban san yadda maganar za ta ƙare ba, kuma ina jin tsoron ranar da za ta ƙare. Shi dai ko a jikinsa.

Wutar ba ta mutu duka ba, kada in yi ƙarya. Akwai masu taurin kai a can ƙarshen bolar da ke kunnawa idan ido ya ɗauke, sai Mai Guduma ya bi su da masifa. Amma aka wayi gari ana yin mako ba a ga baƙin hayaƙi ba, sannan aka fara yin wata. Matar Yaya ta kira ni ta ce ta shanya fararen zannuwan gado ta kwashe su farare. Muka mayar da Inna asibiti, ta hura bututun. Likita ya yi wa Yaya tambayoyi masu yawa a kan bolar, sannan ya ce a gwada mayar da ita, da sharaɗin idan tarin ya dawo ba gardama. Inna ta riga kowa miƙewa.

Ranar da muka kai ta, maƙwabta suka cika tsakar gida, ana ta barka da dawowa. Sai da suka watse ta samu damar zagaya gidanta. Ni da Yaya muna biye da ita, ni da abin shaƙa a hannu don ko-ta-kwana. Ta leƙa ɗakinta, ta leƙa kicin, sannan ta tsaya a bakin ɗakin ajiyarta. Firintoci ne a ciki tun daga ƙasa har rufi, tukwanenta an tura su lungu, babbar robar wankinta cike da baƙin soso a jiƙe.

Ta juyo ta dubi Yaya. "Wato don na bar gida kwana biyu shi ne ka mayar mini da ɗaki bola, robar da nake wanki da ita tun kana rarrafe ita ce ta zama ta wanke ƙazantarka, tukwanena a ƙasa kamar na marasa gata, kai da girmanka da gemunka ba ka san a tambayi mutum kafin a taɓa masa kaya ba, ke kuma Auta da kike tsaye kina zare ido, duk bakin nan naki ba ki iya faɗa masa ba sai ni za ki iya yi wa iko, to wallahi kafin rana ta faɗi a fitar mini da tarkacen nan ko in kira Mai Guduma ya zo da gudumarsa."

Ta tsaya tana jiran wanda zai musa mata. Ni ina jiran tarin ne, na ɗaga abin shaƙar ma, amma bai zo ba. Tun daga farkon faɗan har ƙarshensa ba ta tsaya ta huta ba ko sau ɗaya. Na dubi Yaya, na ga ya sunkuyar da kai, kafaɗarsa tana rawa, hawaye na bin gemun.

"Au, kuka za ka yi don an ce ka kwashe shara?" in ji Inna.

"A'a, Inna," ya ce, yana goge fuska da yagaggen aljihunsa. "Ci gaba da faɗan. Muna ji."